Porsche 911, motar da ta ƙi jin magana

Duk bakaniken kirki zai ce maka ajiye inji a can bayan tayoyin baya ba dabara ba ce, nauyi ya taru waje ɗaya, ka shiga kwana da gudu ka ɗaga ƙafa daga totur sai bayan motar ya nemi ya riga gabanta wucewa. To amma haka Porsche suka fito da 911 a Frankfurt ta Jamus a 1963, kuma har yau injin na nan inda yake. Da farko ma 901 suka sa mata, Peugeot suka ce ba su yarda ba, lamba uku mai sifiri a tsakiya tasu ce.

Ta farkon inji lita 2 ne, silinda shida, ƙarfin doki 130, ba lagireto ba ruwa, fanka ce kawai ke hura masa iska kamar na Volkswagen Beetle. A 1975 suka maƙala mata turbo, doki 260, kuma fa matsalar ita ce ka taka totur shiru, ka ƙara takawa shiru, can sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya lokaci guda, in a kwana ya same ka to sai dai Allah ya kiyaye.

Shi kansa kamfanin ya so ya binne ta, sun yi 928 mai inji a gaba don ta gaje ta, sai da Peter Schutz ya hau shugabanci a 1981 ya ce a ci gaba da ƙera 911. 928 ɗin ce ma aka daina a 1995.

Inda rigima ta ɓarke shi ne 1997, da sabon samfurin 911 da ake kira 996 ta fito da inji mai ruwa. Masoya suka yi ca, wai an kashe musu mota, ƙarar injin ta canza, ga fitilun gaba da suke ce wa soyayyen ƙwai, iri ɗaya da na Boxster, wata ƙaramar motar Porsche. Ni dai a ganina an zalunci 996, dokar hayaƙi da ta ƙarar inji sun matsa, injin iska ya kai ƙarshen abin da zai iya, kuma kamfanin bai daɗe da fita daga matsin kuɗi ba, dole su haɗa kayan gyara da Boxster. Fitilun kam gaskiya ba su yi ba, su ma sun gane, a 2004 suka dawo da masu zagaye a 997, samfurin da ya gaji 996.

Daga nan sai girma take ta yi, faɗi, nauyi, kwamfuta ko'ina. 911 ɗin da aka ƙera sun cika miliyan ɗaya a 2017, a 2024 kuma nau'inta da ake kira GTS ta zo da batir da ƙaramin injin lantarki, an sake wani sabon kukan. Ita kuwa 993, 911 ta ƙarshe mai injin iska da aka rufe a 1998, kuɗinta a kasuwar tsofaffin motoci ya fi na 996 nesa ba kusa ba, alhali 996 ɗin ta fi ta gudu.