Da sauran awa uku, Mama

Asabar, dare ya raba.

Ƙafafuna kamar ba nawa ba, gobe kuma ina da duti tun bakwai na safe, amma sau biyu ina kwanciya ina tashi. Gara in rubuta ko zuciyar ta sake ni.

Mun dai je Skipton ɗin, garin nan na Yorkshire a arewacin Ingila. Masu cewa har surukata Hajiya ta koma Kano ba za mu fita da ita ko'ina ba sai kantin cefane, to yau mun ba ku kunya. Tun Laraba nake lissafi a bayan takardar kuɗin wuta. Jirgin ƙasa daga tashar Forster Square ta Bradford, manya uku da Ummi, Auta kyauta tunda bai cika 5 ba. Katin rangwamen iyalin nan da Maman Ilham ta matsa mini na saya bara ya yi rana: manya a cire musu kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin 100. Abinci kuwa daga gida, ba wasa. Dafa-duka a kula, dafaffen ƙwai, cincin, zoɓo a gora biyu, shayin Hajiya a filas. Garin ya yi suna da wani burodi da ake cusa wa naman alade, kifi da dankalinsu kuma a wannan yankin na Yorkshire wasu da kitsen shanu suke soyawa, ni kuwa ba ni da ƙarfin tsayawa kowane shago ina tambaya. Abbansu ya ɗauki jakar kamar mai tafiya aikin Hajji, yana mita.

Tafiyar ba ta fi minti 40 ba. Muna wuce Keighley gidaje suka ja baya, sai tuddai kore shar da katangun duwatsu da tumaki. Auta ya ƙirga har 12 ya koma ɗaya. Hajiya ta manna fuska a taga tana cewa ina makiyayin, wa ya bar dukiya haka a sake. Da Abbansu ya gaya mata ai sunan garin ma asalinsa "garin tumaki" yake nufi, sai ta ce to shi ya sa. Sikiftan take ce masa, mu ma duk mun koma faɗin haka.

Kasuwar ce ta fi burge ta. Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar take ci, a babban titin garin, rumfuna hagu da dama a kan daɓen duwatsu a gaban kantuna. Ta tsaya ta riƙe haɓa, wai ashe Turawa ma suna da ranar kasuwa. Sama da shekara 800 ana ci a wurin. Cuku, furanni, safa, tukwane, kayan marmari. Ta ɗaga wani mayafin ulu ta ce in taya mata rabin kuɗin. Na ce Hajiya nan ba a tayi, abin da aka rubuta shi ne. Ta ce kasuwar da ba a cewa albarka ai ba kasuwa ba ce, kanti ne aka fito da shi waje. Mai rumfar, wani dattijo ja jawur, sai kiranta yake masoyiya, yadda suke ce wa kowa a nan har direban bas. Ta tambayi ɗanta me yake cewa. Ya ce gaisuwa ce kawai. Na kusa shaƙewa da dariya.

Har nan komai lafiya lau.

A ƙarshen titin, bayan cocin, nan ƙofar tsohuwar fadar take, hasumiya biyu masu kauri da wata kalmar Faransanci da aka sassaƙa a can sama. Don ita Ummi ta zo. Zangon da ya wuce sun yi darasin irin waɗannan gidajen sarauta masu ganuwa, tun daga lokacin ba mu huta ba. Ta san an fara ginin wajen 1090. Ta san an yi wa fadar ƙawanya shekara uku a yaƙin basasar Ingila kafin ta miƙa wuya a 1645, da labarin da ake bayarwa wai fatun tumaki aka rataya a bango don rage ƙarfin harsashin igwa. Abin da ya fi cin ranta shi ne bishiyar da ke tsakar gidan, wadda mai fadar a lokacin, Lady Anne Clifford, ta dasa a 1659 bayan ta gyara ginin, kuma har yau tana nan da ranta. A jirgi ta ce mini so take ta taɓa ta da hannu, ta ga ko hannuwanta za su zagaye ta. Na ce to, Allah ya kai mu. Ni na faɗa da bakina.

Na je gaban allon farashi. Manya uku, yarinya ɗaya. Na haɗa a kai, sannan na yi abin da na sha rantsuwa na daina: na buga da naira. Fam ɗaya wajen 2,000. Lambar da ta fito ta tsaya mini a wuya. A lissafina na Laraba ban sa kuɗin shiga ba, na ɗauka za mu tsaya a ƙofa mu yi hoto, yara su ga hasumiya, shi ke nan. Yadda aka yi na manta da wace ce 'yata, ban sani ba.

Sai na juyo na ce, "Kash, Ummi, mun makara, an kusa rufewa."

Ta dube ni, ta dubi allon. Yarinyar da ke karanta takardar magani ta gyara mini furuci. Ta ce, "Da sauran awa uku, Mama."

Ba da tsiwa ta faɗa ba, da ma da tsiwa ne da na samu abin kamawa. A hankali ta faɗa, kamar mai taimaka mini, kamar ni ce ban iya duba agogo ba. Na ce ai wurin da girma, awa uku ba za ta ishe mu ba, ga Auta, ga matakala, ga gwiwar Hajiya. Ta yi shiru tana murza igiyar rigar sanyinta. Can ta tambaye ni da Turanci, ƙasa-ƙasa, ko mu matalauta ne.

Hajiya ta ce, "Me kishiyar tawa take cewa?"

Abbansu ya duƙufa a waya kamar an aiko masa da labarin duniya. Ni na ce ba komai Hajiya, shirmen yara ne. Sai Ummi ta fassara da kanta, da Hausarta mai ɗingishi: "Hajiya, mu talaka ne?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. A gaban surukata. Matar da nake ta ƙoƙari tun zuwanta kada ta ga inda rufin yake yoyo.

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ke tafi can. Talaka ne zai hau jirgi ya zo kallon tumakin wasu?" Ta ja kumatun Ummi. Amma tana dariyar hannunta na cikin jaka, na kuma san abin da take nema: fam 20 ɗin da ɗanta ya ba ta ta ƙara a kuɗin tsaraba, wadda ta naɗe a hankici tun makon jiya ta ƙi taɓawa. Ta miƙo mini ta ce in shiga da yarinyar, su za su jira a benci.

Na ce, "Haba Hajiya, don Allah ki mayar. Wallahi ba kuɗin ba ne."

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa kam nan take ta haihu, har da rantsuwa a kai. Astagfirullah.

Ta dube ni irin kallon nan nata na sakan biyu, ta mayar da hankicin, ta ce to. Ba ta ƙara ko kalma ba. Wannan "to" ɗin ita ta hana ni barci.

Abin da ke ci mini rai shi ne kuɗin suna nan. Da na zaro kati na biya, ba za a kore mu daga gida ba. Sai dai kowane fam a asusun nan da sunan mai shi a goshi: haya, harajin gida, adashi ranar 1, kuɗin makarantar su Auwalu da na yi alkawari, akwatin tsarabar Hajiya da ko rabi bai kai ba. Ya zan yi wa 'yar shekara 9 wannan bayanin a bakin ƙofa, mutane na wucewa da karnukansu? Amma kuma ai ba sai na yi bayani ba. Innarmu kalma ɗaya take faɗa, babu. Mu ce Inna kuɗin alewa, ta ce babu, mu koma wasa, ba wanda ya mutu, ba wanda ya je yana tunanin ko mu wane ne. Ni me ya hana bakina furta ta? Na yi ta juya abin a jirgi. Ina jin da mu kaɗai ne da na faɗa. Idon Hajiya na ji wa, don na san za ta koma, za a taru a tsakar gida a ce ya Ingila, ya su Ummi, kuma can kowa ya ɗauka shara muke da tsintsiya muna kwasar fam. Na fi son 'yata ta ɗauke ni marar iya duba agogo da surukata ta ɗauke ni marar kuɗi. Da na rubuta shi yanzu na ga muninsa sosai.

Kuma ranar Litinin ta sama malamarsu za ta ce kowa ya faɗi inda ya je a hutu.

Abbansu, da ya ga hadarin ya wuce, sai ya fito daga waya ya kama ba da tarihi, wai lokacin da ake gina wannan fadar kusan lokacin ne Sarki Gijimasu ya fara ganuwar Kano. Hajiya ta ce ita badala ba a biyan ko kwabo a hau ta. Ya ce shi ya sa aka cinye ta da gine-gine. Suka kama musu, na gode musu a zuci.

Muka zagaya ta baya zuwa dajin, wanda shi kyauta ne. Hanyar tana bin wani siririn reshen ruwa da aka haƙa don jiragen da ke kwasar duwatsu a da, ga rafi a ɗaya gefen, kai kana tsakiya. Daga nan fadar tana can sama a kan dutse, tsaye a kanka, ta ma fi ban tsoro fiye da ta gaba. Na ce Ummi dubi, ai nan ya fi kyau. Ta ce eh. Eh kawai.

Dajin da sanyi, da ƙamshin tafarnuwar daji. Akwai wata maharbiya da aka saƙa da rassan itace, ta ɗana kibiya a baka, Auta ya ƙi matsawa kusa sai da Hajiya ta ce haba maigida, kai da za ka kare ni. Muka shimfiɗa zani kusa da ruwa muka ci dafa-duka. Mun yi azahar a nan, Abbansu ya duba alƙibla a waya, wata mata da karenta ta ja baya ta jira har muka sallame, ta yi mana murmushi. Auta ya jiƙa takalmi ɗaya. Ummi ta ware daga baya, ta tara duwatsu ta gina wa tururuwa ganuwa, har da ƙofa. Ba ta kira ni in gani ba, Hajiya ta kira.

Da muka dawo bakin babban ruwan, inda dogayen jiragen nan masu fenti suke ɗaure, na saya wa kowa askirim ba wanda ya roƙa. Har da mai cakulan a soke. Ina miƙa katin ina jin wautar kaina, don abin da na biya ya kusa kuɗin shigar yarinya ɗaya. Abbansu ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe. Ya koma gaya wa Hajiya cewa ruwan nan da hannu aka haƙa shi, mil 127 daga Leeds har Liverpool, an gama a 1816, dawakai ne ke jan jiragen daga gefe. Hajiya ta ce Liverpool ta ƙwallo? Agwagi suka cinye sauran cincin.

Gidan tarihin da ke cikin ginin majalisar gari ma kyauta ne. Minti 20 muka yi, Auta ya fara rigimar barci.

A jirgin dawowa Ummi ta kwanta a kafaɗar Hajiya. Kullum tawa take nema. Wataƙila don Auta na kan cinyata ne. Wataƙila.

Mun iso gida rana ba ta faɗi ba, Hajiya na ta mamakin magaribar da ke kaiwa bayan tara. Na yi wa Auta wanka. Na shiga ɗakin Ummi da niyyar in ce mata ɗazu ba gaskiya na faɗa ba, na zauna bakin gado, na gyara mata bargo, na ce ta yi addu'a. Na fito.

Maman Ilham ta turo saƙo wai ya fita, na tura mata hoton agwagi.

Ɗazu da na tashi karo na biyu na ce bari in wanke kula kada ta kwana da maiƙo. Ina zazzage jakar abincin sai ga hankicin Hajiya a aljihun gefe, ƙarƙashin ledar cincin, an ƙulle shi tam. Ban kwance ba, na san abin da ke ciki. Ban ma san lokacin da ta sa ba, ko a daji ina salla, ko a jirgi.

Yana nan kan teburin kicin kusa da filas. Ita ke riga kowa tashi da asuba, kuma nan take fara zuwa ɗora ruwan shayi. Har yanzu ban yanke ba ko in bar shi a wurin ko in ɗauke.