Godiya Ga Waɗanda Suka Halarci Addu'ar Tunawa Da Limamin Canji

Assalamu alaikum warahmatullah. A madadin 'yan'uwana tsofaffin malaman yaƙi da jahilci na ƙaramar hukumarmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya amsa gayyatarmu zuwa addu'ar da muka yi wa marigayi Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, gwamnan tsohuwar Jihar Kano daga 1979 zuwa 1983. Yaba kyauta tukwici. Ba mu da kuɗi, babu wani mai mulki a bayanmu, amma Allah Ya rufa mana asiri, aka taru lafiya aka watse lafiya.

Godiya ta farko ga liman da alarammomin da suka sauke Alƙur'ani tun da hantsi, suka ƙi karɓar ko sisi. Sai mai unguwa, da hedimastan da ya ba mu filin makaranta. Iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu, samarin da suka kafa rumfa suka jera kujeru, da masu adaidaita sahu da suka yi ta ɗauko dattawa daga ƙauyuka kyauta, Allah Ya saka muku da alheri. Mutanenmu na Jigawa kuwa ba baƙi ba ne. Har zuwa 1991 jiha ɗaya muke, gwamnan namu ne gaba ɗaya. Sannunku da hanya.

Abin da ya sa muka kira taron shi ne yaranmu. Sun san kasuwar Sabon Gari da sunansa, sun san gidan talabijin na ARTV da shi ma aka sa wa sunansa, amma ka tambayi saurayi me Rimi ya yi, sai ya ce ai an ce ya iya magana. Ya iya ɗin, babu musu. Sai dai ba don zaƙin baki talakawa suka riƙe shi a zuciya ba.

Saboda haka nake yi wa Baba, dattijon da ya yi bayanin haraji da jangali, godiya ta musamman. Ya faɗa wa matasa yadda magidanci kan sayar da hatsin da iyalinsa za su ci don ya biya kuɗin kansa, yadda wasu kan tsere ci-rani da zarar an fara karɓa, da yadda Bafulatani kan kwana a daji yana ɓoye shanu kada a ƙirga. Tun zamanin jam'iyyar NEPU Malam Aminu Kano da mutanensa suke yaƙar wannan abu, ana ɗaure su ana dukansu. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu ta ci Kano da Kaduna a 1979, Rimi da Balarabe Musa suka soke shi. Baba yana cikin magana muryarsa ta sarƙe, filin ya yi tsit. Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Haka ma Inna, wadda ta tashi ta karanta takardar maraba da bakinta. Ba ta taɓa shiga firamare ba. Tana da aure da 'ya'ya ta shiga ajin manya bayan gwamnatin Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya a 1980, hukumar da har UNESCO ta ba lambar yabo. Mu da muka riƙe alli a waɗannan azuzuwa mun san abin da hakan yake nufi: mutum ya daina dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, mace ta karanta wasiƙar ɗanta ba tare da ta kai wa wani sirrin gidanta ba. A ganina, a cikin duk ayyukansa babu wanda ya kai wannan. Jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV (wanda ya koma ARTV) da hutun ranar ma'aikata na 1 ga Mayu, wanda Kano ta fara tun 1980, duk abin a yaba ne, amma karatun nan shi ne ya shiga har ɗakin tsohuwa.

Akwai baƙon da zuwansa ya fi faranta mini rai. Yayanmu ne, tsohon ɗan Taɓo, wato ɓangaren Malam Aminu a PRP, mu kuwa 'yan Santsi ne, ɓangaren su Rimi. Wanda bai ga lokacin da PRP ta rabe biyu ba, ba zai gane zafin abin ba, don har zumunci ya taɓa. Da aka ba shi lasifika bai yi kwana-kwana ba. Ya ce har gobe bai yarda da yadda Rimi ya saɓa da Malam ba, kuma barin kujera da ya yi a 1983 ya koma jam'iyyar NPP ne ya ba Sabo Bakin Zuwo nasara. Ya tuna mana da 10 ga Yuli 1981, ranar da rikicin takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero ya jawo ƙone-ƙone, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Rimi addu'ar da ta fi ta kowa tsawo. Wasu samari sun so su yi masa ihu, na gode wa dattawan da suka kwantar da su. Yaya, mun gode. Rimi mutum ne da ba ya tauna magana, ba zai so a tuna da shi da rabin gaskiya ba.

Ya sha ɗauri bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, ya riƙe ministan sadarwa a zamanin Abacha, daga baya ya shiga sahun waɗanda suka ƙalubalanci tazarcensa, aka sake tsare shi. An kashe masa matarsa, Hajiya Sa'adatu, a gidansu a 2006. Shi kuma ya rasu ranar 4 ga Afrilu 2010. Duk mun sa su a addu'a, tare da Malam Aminu da sauran mazan jiya.

Ɗaliban da suka naɗi jawaban dattawa a waya, don Allah ku kawo mana kafin su ɓace, muna so a rubuta su a ajiye a makaranta. Wanda kuma ya ari tabarma ko buta daga masallaci, a taimaka a mayar kafin Juma'a.

Allah Ya jiƙan Limamin Canji, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya bar zumunci, amin.