Masu Ulu da Masu Banki da Suka Gina Fulorens

Na fara nazarin gine-ginen Zamanin Farfaɗowa na Italiya, wato zamanin da aka farfaɗo da fasaha da ilimin tsohuwar Roma da Girka, ne a aji, lokacin da nake karatun zanen gine-gine, inda aka fi mayar da hankali a kan siffa: yadda ake jera ginshiƙai irin na tsohuwar Roma, da yadda faɗin ɗaki zai dace da tsayinsa. Wannan ilimi ya yi mini amfani, amma sai da na zauna a birnin Fulorens na ɗan lokaci, ina zana gine-ginen da hannuna ina kuma karanta tarihin garin, sannan na saba da yi wa kowane gini tambaya guda kafin in ɗauki fensir, wato wa ya biya kuɗinsa, kuma me yake nema da shi.

Ƙubbar babbar majami'ar Santa Maria del Fiore ce ta fi cin lokacina. An aza harsashin majami'ar a 1296, amma aka shafe fiye da shekara ɗari ba a rufe tsakiyarta ba, domin faɗin wurin ya kai kimanin mita 45, kuma katakon da zai tallafe irin wannan rufi har ya bushe ya fi ƙarfin aljihu da dabarar mutanen lokacin. Ba limamai ne ke riƙe da aikin ba. Tun 1331 hukumar birni ta danƙa shi ga ƙungiyar masu sana'ar ulu, kuma su ne suka shirya gasa a 1418, wadda ta kai ga ba Filippo Brunelleschi aikin, mutumin da asalinsa maƙerin fari ne, ba magini ba. Tsakanin 1420 da 1436 ya ɗaga ƙubbar ba tare da tallafin katako daga ƙasa ba. Ya yi ta riɓi biyu, ta ciki mai kauri da ta waje mai sauƙi, ya sa aka riƙa tsayar da wasu tubala a tsaye cikin layin na kwance domin su riƙe sabon gini kafin ya kama, sannan ya ƙera na'urar ɗaga kaya da shanu ke juyawa, wadda ake iya sauya mata akala ba tare da an kwance shanun ba. Mai hawa matakala 463 zuwa ƙololuwa yana bi ne ta tsakanin riɓin biyu, kuma a wasu wurare yana iya ganin wannan jerin tubali da idonsa. A can na tuna da maginan Hausa da ke miƙa azara hawa-hawa daga bango biyu har baka ta haɗe a sama, su ma ba tare da tallafi daga ƙasa ba, ko da yake kayan aikin da girman ba ɗaya ba ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cewa wannan ƙubba, wadda ake ɗauka tutar sabon zamani, mai tsini ce irin ta tsohon salo, domin tun 1367 aka tsayar da siffarta, kuma masu ulu ba su yarda a kauce mata ba. A ganina gwanintar Brunelleschi a nan ta injiniya ce.

Sabon salon kansa na same shi ne a gidan renon jariran da aka yar, Ospedale degli Innocenti, wanda aka fara a 1419. Ƙungiyar masu siliki ce ta ɗauki nauyinsa, kuma maƙeran fari a cikinta suke, saboda haka ɗan gida, wato Brunelleschi, suka ba aikin. Da na auna barandar da taku, na tarar tazarar da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi daidai take da nisan ginshiƙi zuwa bango, kuma tsayin ginshiƙin ma haka yake. Mutanen da suka biya kuɗin 'yan kasuwa ne da suka tashi a makarantun lissafi, suna auna yadi da ganga kullum, saboda haka ginin da ido zai iya lissafa shi bai zama baƙo a gare su ba. Shi kansa lissafin yana da tarihi mai tsawo, domin Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lambobin Indiya da Larabawa a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya kuma yaɗa su da littafinsa na 1202. Haka nan ilimin gani na Ibn al-Haisam, wanda aka fassara zuwa Latin, yana cikin abin da Lorenzo Ghiberti, abokin hamayyar Brunelleschi, ya kwafa a rubuce-rubucensa. Duk wanda ya ce Roma da Girka kaɗai aka farfaɗo da su, ya rage wani abu a labarin.

Batun masu banki ya fi sarƙaƙiya. Coci ya haramta kuɗin ruwa, ga shi kuwa dukiyar gidan Medici daga banki ta fito, wanda aka kafa a 1397. Vespasiano da Bisticci, mai sayar da littattafai da ya san Cosimo de' Medici, shugaban gidan, ya ruwaito cewa zuciyar Cosimo ba ta kwanta da wani ɓangare na dukiyarsa ba, shi ya sa, bayan ya tattauna da Fafaroma Eugenius na Huɗu, ya kashe kuɗi mai yawa wajen sake gina gidan ibada na San Marco. Giovanni Rucellai kuwa, wani attajirin ɗan kasuwa na Fulorens, bai ɓoye muradinsa ba: a fuskar majami'ar Santa Maria Novella, wadda Leon Battista Alberti ya zana, shi kuma Rucellai ya biya kuɗinta, an rubuta sunansa da manyan haruffa tare da shekarar 1470, inda duk mai wucewa ta dandalin zai karanta. Ban ga dalilin zaɓar ɗaya tsakanin tsoron Allah da son suna ba wajen bayyana waɗannan mutane, domin duka biyun suna nan a jikin dutsen.

Roma ban daɗe a cikinta ba, amma tambayar nan ta yi mini aiki a can ma. A 1506 Fafaroma Julius na Biyu ya sa Donato Bramante ya fara sabuwar majami'ar Waliyi Bitrus a kan tsohuwar da ta haura shekara dubu, kuma wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga sayar da takardun yafe azabar zunubi a ƙasashen Jamus. Wannan ciniki ne Martin Luther, malamin coci Bajamushe, ya yi wa bore a 1517, kuma ba a keɓe majami'ar don ibada ba sai 1626, lokacin da Kiristocin Yammacin Turai suka riga suka rabu gida biyu.