Abin da na zuba wa Damisa a kwano

Makon jiya na tarar da ɗan ƙanwata tsugune gaban kwikwiyonsa, kasko a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Ragowar zukini ce da aka soya da albasa da tafarnuwa, yana shirin juye masa a kwano yana ɗaukar bidiyo. Ban san lokacin da na fizge kaskon ba. Ya ɗago ya ce, "Haba Kawu, a intanet fa na gani, an ce yana da amfani ga karnuka." Na rasa abin cewa, domin wannan maganar ce ni ma na taɓa gaya wa likitan dabbobi, kai a sunkuye.

Wanda bai san zukini ba, ɗan'uwan kabewa ne, dogo, kore, ka gan shi ka ce kokwamba ce. Kakanninsa daga nahiyar Amurka suka fito, amma a arewacin Italiya aka samar da irin da ake ci yanzu a ƙarni na 19. Kuma yaron bai yi ƙarya ba, kare na iya cinsa. Kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, giram 100 bai wuce kalori 17 ba, ga bitamin C da B6 da sinadarin fotasiyam, ga ɗan harza da ke taimaka wa hanji. Waɗannan lambobin ne suka ruɗe ni.

Karena Damisa ya yi ƙiba a lokacin. Laifina ne, ban musa ba, ko da yake duk wanda ya taɓa zama da kare mai iya kallon roƙo ya san hana shi ba ƙaramin aiki ba ne. Likita ya ce a rage masa nauyi saboda gaɓoɓinsa. Na karanta cewa zukini na cika ciki ba ya sa teɓa, sai na ga ai na tsinci dami a kala. Maimakon 'yan yanka biyu ko uku, rabin kwanonsa na mayar zukini. Kwana biyu aka yi, tsakar gida ta gagari shiga, gudawa da kumburin ciki da tusa mai korar baƙo. Mai hankali da nan zai tsaya. Ni kuwa na yanke wa kaina hukunci cewa ɗanyen ne bai karɓe shi ba, don haka na koma ba shi dafaffe. Dafaffen kuma wane iri? Wanda muka ci muka rage.

Ba mugunta ta sa ni ba, wannan ina so a sani. Na tsani ɓarnar abinci, kuma a ganina abin da cikin mutum ya ɗauka lafiya, cikin kare da ke tauna ƙashi ai wasa ne a wurinsa. Wa ya taɓa gaya mini albasa guba ce ga kare? Babu. To, amma wa na tambaya? Nan ma babu. Lambar likitan tana wayata, kira ɗaya ya isa. Girman kai ne kawai na mutumin da ya shekara goma da kare, yana ganin ba sauran abin da za a koya masa.

Albasa da tafarnuwa suna ɗauke da sinadarai masu lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko soyayyu ko garinsu, girki ba ya kashe dafin. Muguntar abin ita ce ba ya nuna kansa a ranar. Kare zai ci, ya lashe kwano, ya kaɗa bindi, kai kuma ka ce ka gani, lafiya lau. Sai bayan kwanaki. Damisa ya fara kwanciya da rana, na ce zafi ne. Ya daina tarbata a ƙofa, na ce tsufa ne, har ina murna wai ya natsu. Ranar da na ga fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi, ranar jikina ya yi sanyi. Likita ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashi. Fari fat, wurin da ya kamata ya zama ja-ja. Ya tambaye ni me yake ci. Na ce zukini, da alfahari ma. Ya ce da me aka dafa? Shiru na yi.

Ya kwana uku ana masa ƙarin ruwa, saura ƙiris a kai ga ƙarin jini. Likitan ya ƙara da cewa man suyar kaɗai ya isa ya kumbura masa gaɓar da suke kira fankiriyas, ciwon da ke kashe karnuka. Damisa ya tashi, alhamdu lillahi, ya ƙara shekaru. Wani lokaci nakan lallashi kaina da cewa ai ni ne na lura da fitsarin, wani ma da bai duba ba. Wani lokaci kuma in tuna makonni nawa na yi ina zuba masa abin da hannuna.

Akwai wadda ban taɓa gaya wa likitan ba. Kafin duk wannan, na shuka zukini a bayan gida da irin da na adana daga na bara. Wani ya fito da ɗaci kamar maɗaci. Na tofar, na jefa wa Damisa sauran. Allah ya taimake ni ya shinshina ya kau da kai. Daga baya na gane ɗacin nan gubar kukurbitasin ce, wadda ke tashi idan shukar ta sha fari da zafi, ko irin ya gauraya da na duman ado. Dafuwa ba ta karya ta. A Jamus, a 2015, wani dattijo ya rasa ransa bayan cin abincin da aka yi da zukini mai ɗaci. Abin da bakina ya ƙi, shi na miƙa wa dabbar da ta amince da ni. Karen ya fi ni hankali a ranar.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawarwari goma, har na jera su a takarda. Da na duba, yawanci surutu ne. Ku wanke zukinin, ku ɗanɗana da bakinku, in da ɗaci ko kaɗan ku zubar inda ba zai kai ba. Ku cire nasa kafin gishiri da mai da albasa su shiga tukunya. Ku yanka ƙanana, domin kare haɗiya yake yi, ba tauna ba, babban yanki na iya maƙale masa a wuya, balle kwikwiyo. Ɗanye ma ya yi, amma turararre ya fi sauƙin narkewa. Likitoci na cewa duk wani ɗan ƙwalama kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da kare ke ci a rana. Ku riƙe wannan, amma kada ku dogara da shi a kan zukini, domin kalorinsa kaɗan ne, kafin ku kai kashi 10 ɗin cikin karen ya riga ya ɓaci. Yanka ɗaya ko biyu ranar farko, sai ku duba kashinsa washegari. Eh, kashinsa. Ku da ke ɗaukar hoton kare sau ashirin a yini, ba ku taɓa ɗaga leɓensa kun ga launin dasashinsa ba.

Kai, in ma ta ni ce, ku bar shi gaba ɗaya. Karen da ke cin cikakken abincinsa ba ya buƙatar zukini, bitamin C ma jikinsa ke haɗa masa da kansa. Sai dai kuma ga mai ƙiba irin Damisa, da na yi shi yadda ya dace, da ya fi biskit ɗin da nake cusa masa sau dubu. To ku ba shi ɗin. Mai ciwon ƙoda ko wata jinya kuwa, ku kira likita tukuna, ba mai bidiyon daƙiƙa talatin ba.

Ɗan ƙanwar tawa duk na gaya masa wannan a tsaye, kasko a hannuna. Yana ji yana latsa waya. Can ya ɗago ya ce, "Kawu, ashe da gaske ne, ga shi nan an rubuta albasa na kashe su." Wato sai da waya ta sa hannu kafin maganata ta zama gaskiya. Na shiga kicin na yanko ɗanye guda biyu, na ɗanɗana ɗaya, na miƙa wa kwikwiyon ɗayan. Ya ɗauka, ya juya shi a baki, ya tofar.