Abin da na koya a Gwennap game da ruwan rami

Cikin wuraren da muka zagaya lokacin da nake karatun haƙar ma'adinai a Cornwall ta Ingila, Gwennap ce ta fi tsaya min a rai. 'Yar gunduma ce ta karkara, gonaki da tsofaffin gine-ginen injin duk sun zama kufai, wallahi ba za ka ce nan ne ake wa kirari da wuri mafi arziki ba a zamanin jan ƙarfe. Da farashi ya faɗi a 1866 sai mutane suka watse, wasu Ostireliya wasu Amurka wasu Afirka ta Kudu.

To ni abin da na ɗauko a can shi ne, kamfani yana kwashe kayansa ya tafi amma ruwa yana nan daram. Tun 1748 aka fara haƙa wata doguwar hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa don tsane ramuka, har yau tana zuba. Ga mahaƙar Wheal Jane nan kusa da su, an rufe ta a 1991 aka kashe famfunan da ke fitar da ruwa, ai kuwa a Janairun 1992 gurɓataccen ruwa ya ɓalle ya rine kogin Carnon ya koma ruwan tsatsa har bakin teku, kuma har gobe ana kashe kuɗi wajen tace shi, kuɗin jama'a fa, masu ribar sun daɗe da tafiya.

Abin mamaki, yanzu kuma ruwan ƙarƙashin ƙasar ne suke sa wa rai. A United Downs, nan yankin Gwennap, an haƙa rijiya mai zurfin sama da kilomita 5 don a samu lantarki daga ruwan zafi, ana kuma ƙoƙarin tace litiyam daga cikinsa, wanda ake batir da shi. UNESCO ta saka yankin cikin wuraren tarihi a 2006, 'yan yawon buɗe ido na zuwa, amma gaskiya wannan bai cika burge ni ba, ɗaukar hoto ba ya samar wa matasan gari aikin kirki.

Mu da muka taso a Bukuru mun san kududdufan kuza, suna cin yara da shanu, kuma su ne dai masu noman rani ke ja da inji suna ban ruwan kabeji da tumatir. Shi ya sa yanzu ko fayil ɗin wane kamfani aka miƙo min a ofis, shafin rufe rami nake fara buɗewa, in ga wa zai biya kuɗin ruwan bayan sun tashi, kuma nawa suka ajiye.