Rubutu da bidiyo a kan ƙaramin allon Raspberry Pi

Tun da Raspberry Pi ta fito a Ingila a shekarar 2012, kwamfuta sukutum a kan faranti guda mai girman katin banki, abin da yawancin masu sayenta suke fara sha'awa shi ne su haɗa mata ɗan ƙaramin allo, su ga ta nuna wani abu. Rubutu yakan fito ba tare da wahala ba, amma da zarar an sa bidiyo sai hoton ya riƙa cijewa yana tsalle, nan take kuma a ɗora wa kwamfutar laifi, a ce ba ta da ƙarfi. A ganina wannan hukunci bai cika zama daidai ba, domin sau da yawa matsalar tana cikin hanyar da bayanai suke bi daga kwamfutar zuwa allon, kuma lissafi kaɗan ya isa ya nuna haka.

Mu ɗauki allon OLED ɗin nan mai inci 0.96 wanda ƙaramin guntun lantarki mai suna SSD1306 ke sarrafawa. Yana da ɗigo 128 a kwance da 64 a tsaye, kowane ɗigo kuma ko dai yana kunne ko yana kashe, saboda haka hoto guda bai wuce bayit 1,024 ba. Ana haɗa shi da kwamfutar ta I2C, wata hanyar aika bayanai tsakanin na'urori, da wayoyi huɗu kacal, biyu na wuta, biyu na bayanai. A saurin da I2C ta saba gudu, wato kilohaz 100, abin da za a iya turawa bai wuce hoto goma a daƙiƙa ba, idan kuma aka ɗaga saurin zuwa 400 sai a kusanci arba'in. Ga mai son nuna agogo ko zafin ɗaki ko adireshin kwamfutar a kan intanet, wannan ya isa har da saura.

Labarin yana sauyawa idan aka koma allo mai launi irin na ILI9341, wanda ake haɗawa ta SPI, wata hanyar aika bayanai da ta fi I2C sauri. Ɗigonsa 320 ne sau 240, kowanne yana cin bayit biyu, don haka hoto guda ya kama bayit 153,600. Bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa yana bukatar a tura kusan bit miliyan 37 kowace daƙiƙa ta cikin waya guda, alhali takardar bayanan allon ta tanadi saurin da ya gaza wannan nesa ba kusa ba. Masu harkar sukan matsa wa allon ya yi gudun da ya wuce ƙa'idarsa, kuma sau da yawa yakan jure, sai dai idan wayoyin haɗin sun yi tsawo ko bakinsu bai zauna daram ba, launuka sukan rikice, ko a ga hoton ya tsage gida biyu, rabin sama sabo, rabin ƙasa tsoho. Dabarar da na fi yarda da ita a nan ita ce a riƙa tura sashen da ya canza kawai. Tana aiki sosai ga rubutu da lambobi, amma a fim, inda kusan kowane ɗigo yake motsi, amfaninta kaɗan ne.

Shi ma rubutun yana da tasa sarƙaƙiya. Waɗannan alluna masu ɗigo ba su san harafi ba, sai dai a zana musu shi. A harshen shirya manhaja na Python, ana buɗe hoto marar komai da Pillow, manhajar sarrafa hotuna, a rubuta kalmomin a kansa da salon haruffan da aka zaɓa, sannan a miƙa wa allon hoton ta manhaja irin luma.oled. Idan salon da aka zaɓa ba shi da wani harafi, kamar ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ɗan akwati fanko ya bayyana a gurbinsa, shi ya sa ya kamata a ɗauki salo mai yalwa kamar DejaVu Sans ko Noto Sans tun daga farko. Tsohon allon nan mai layi biyu da gurbi 16 na HD44780 kuwa yana da haruffansa a ciki, amma ya bar wurin haruffa takwas da mutum zai zana nasa da hannu, ɗigo biyar a kwance da takwas a tsaye.

Wanda bidiyo ne ainihin bukatarsa, shawarata ita ce kada ya wahalar da kansa da SPI, ya nemi allon HDMI ko na DSI (mahaɗin allo na musamman da ke jikin Pi), irin allon inci bakwai mai ɗigo 800 sau 480 da masu Raspberry Pi suka fitar a 2015. Waɗannan hanyoyi suna karɓar hoto kai tsaye daga sashen zane na kwamfutar, ba sa jiran furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta kwafa musu shi ɗigo bayan ɗigo. Sai kuma a lura da nau'in fayil ɗin. Daga Pi ta farko har zuwa Pi 4 akwai sashe na musamman da ke warware bidiyon da aka matse da tsarin H.264, amma Pi 5 ta 2023 ta bar wannan aiki ga furosesa, ta riƙe na wani tsarin, HEVC, kawai. Haka nan omxplayer, manhajar kunna bidiyo wadda tsofaffin darussa suke yawan ambato, an daina tallafa mata tun fitowar Bullseye, wani zubi na babbar manhajar Raspberry Pi, a 2021, kuma VLC ce ta maye gurbinta.

Ko da allon ya dace, ba na ganin dalilin da za a ba kwamfutar fayil mai ɗigo 1920 sau 1080 ta yi ta rage shi a kan allo mai 800 sau 480. Gara a rage shi sau ɗaya da ffmpeg, manhajar sauya bidiyo, a babbar kwamfuta, kuma idan rubutun da za a ɗora a kan bidiyon ba mai canzawa ba ne, a haɗe shi cikin fayil ɗin a lokacin. Idan kuwa mai canzawa ne, kamar lokaci ko sanarwa, za a iya ba shi ƙaramin allon OLED nasa a gefe, muddin ana ɗan matsar da rubutun lokaci zuwa lokaci, domin ɗigon OLED da ya daɗe a kunne yakan dusashe ya bar tabo.