Bishiya sai an sare ta muke sanin kuɗinta

Duk mai bin hanyar Kachia ko ta Abuja ya san buhunan gawayin nan da ake jerawa a bakin titi, wani wurin ma sai ka rantse katanga aka gina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya gagari talaka, kalanzir kuwa ba a ma maganarsa, gidaje da yawa a cikin garin Kaduna sun koma kurfoti, har da namu. To ni ba zagin mai gawayi na zo yi ba, shi ma tuwon yaransa yake nema. Abin da ke damuna shi ne kowa ya san farashin buhu, har ciniki muke muna cewa a rage, amma bishiyar da ke tsaye ba wanda ya taɓa yi mata kuɗi.

Ɗauki kaɗanya. Sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan kuma shikenan, kaka ta tsinta, uwa ta tsinta, jika ma ta zo ta tsinta a gindi ɗaya. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwaran kaɗe, man nan har cikin cakulan da man shafawar Turawa yake shiga, kuma matan ƙauye ne ke duƙawa da asuba suna tsinta. A yini ɗaya sai a kayar da ita a turara, a ci kuɗin kafin sati ya zagayo. Ɗorawa ma haka, kalwa ta zama daddawa, yara su sha garin, ɓawon kuma a yi makuba a shafe daɓe da katanga. Ƙirya ita ta fi shan wahala saboda gawayinta ya fi daɗewa yana ci, maƙera sun san wannan tun da can. Kuma dai kun lura yawancin amfanin nan na mata ne da yara, kuɗin sara kuwa aljihun maza yake shiga, ina ga shi ya sa ba a cika jin ƙara ba.

Sai maganar ruwa, wadda mu 'yan birni ya kamata ta fi tsorata mu. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa mu ya wuce Shiroro inda ake samar da megawat 600 na lantarki. In akwai itatuwa a bakin rafuka, saiwa na riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba yana sa ruwan sama ya tsaya ya nutse a hankali, rijiyoyi su kai rani da ruwa. In an aske wurin kuwa ruwa gudu kawai yake da ƙasar noma a bayansa, yashi da laka su cike kogi da dam, damina ambaliya, rani kuma rijiya ƙaf. Ban ce sare daji kaɗai ke kawo ambaliyar su Kigo Road a cikin garin Kaduna ba, akwai gini a hanyar ruwa da kwatocin da muka toshe da leda, amma yana ciki wallahi.

Wasu masana ƙarƙashin Robert Costanza sun zauna a 1997 sun ƙiyasta aikin da dazuka da koguna da tekuna ke yi wa ɗan Adam kyauta, suka ce ya kai dala tiriliyan 33 a shekara, ya ma fi abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa a lokacin. An yi ta musu kan lissafin, ni ma ban ɗauke shi kamar aya ba, amma ko ba komai ya sa gwamnatoci sun fara tambaya.

Na san abin da wani zai ce, ai dajin nan maɓoyar 'yan bindiga ce, a sare kowa ya huta. Wanda aka taɓa ɗauke wa ɗan'uwa a hanyar Birnin Gwari ba zan yi masa gardama ba. Sai dai Kamuku, dajin da ke yankin Birnin Gwarin, gandun daji ne tun 1936, ya zama na tarayya a 1999, shekara da shekaru mutane na zaune gefensa lafiya lau. Hukuma ce ta janye ƙafa, wasu suka shiga.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram tun wajen 1980 da wani abu suka fara barin kututture ya tofo a gona, su rage rassan su bar masu ƙarfi, musamman gawo da ke zubar da ganye da damina ya ba gero taki, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka, ba da wani dashen biki na 'yan jarida ba. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba malamin daji da zai zo ya ci shi tara in ya sassabe reshe. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba, mu da ruwan sama ke kai mana har Oktoba.